Faifan tera ɗaya da ya cika a giga 98: yadda muka sake raba uwar garken wani shagon sari a Garwa

Saura kwana tara a fara duban watan azumi, ranar wata Talata da hantsi, rasiti ya daina fita a wani shagon sari da ke bayan babbar kasuwar Garwa. Wanda ya san harkar kayan masarufi a arewacin Kamaru ya san wannan ba lokacin tsayawar aiki ba ne. Shinkafa da sukari da man girki da fulawa sun taso daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, manyan motoci sun ƙaraso da su. 'Yan sari daga Pitowa da Gider da Figil sun cika ƙofar sito, kowa na so ya yi lodi ya kama hanya kafin rana ta take. Akawu uku suna zaune gaban kwamfutocinsu, duk wanda ya danna a ajiye ciniki sai manhajar ta yi ta juyi, can ta ce ba ta ga rumbun bayanai ba.

Gyaran kwamfuta da haɗa layukan sadarwa ne sana'ata, shi ya sa aka kira ni. Ba ni na kafa musu na'urar ba. Wani mutumin Yola ne ya kawo ta ya girka shekara biyu da wani abu kafin wannan rana, ya koma gida. Alhaji mai shagon yana kiranta babbar kwamfuta, mu kuma muna cewa uwar garke, domin ita ce sauran kwamfutocin shagon da na reshensu na Marwa suke jingina da ita. Tana ajiye a wani lungu bayan ofis, babu allo babu madannai a jikinta, sai na'urar ajiyar wuta da mu a nan muke kira ondila. Ubuntu Server 22.04, wani nau'in babbar manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, ne a kanta, manhajar rumbun bayanan da ke adana lissafin shagon kuma PostgreSQL ce, faifai guda ɗaya tak mai cin tera ɗaya.

Na shiga ta SSH daga kwamfutata, wato na buɗe baƙin allon uwar garken daga nesa inda ake rubuta mata umarni, na buga `df -h`. Wannan umarni yana nuna girman kowane wurin ajiya da abin da ya rage a cikinsa. Layin tushen tsarin, wanda ake rubutawa da `/`, ga abin da ya ce: girma 98G, an ci 93G, saura sifili.

Mai lura zai ce 93 ai ba 98 ba ce, ina giga biyar suka shiga? Tsarin ext4, wanda ke shirya fayiloli a kan faifan, yana keɓe kashi 5 cikin 100 ga root, wato mai cikakken iko da na'urar, don ko wuri ya cika ya samu inda zai sa ƙafa ya yi gyara. Wannan ne ya ruɗa ɗan ƙanen Alhaji, saurayin da ke kula da kwamfutocin shagon. Kafin in iso ya gwada ƙirƙirar fayil da `sudo`, umarnin da ke ara wa mutum ikon root, ya ga ya yiwu, sai ya yanke cewa ba cikar faifai ba ce. Shi da ikon root ya rubuta, PostgreSQL kuwa da sunan ma'aikaci gama-gari yake aiki, an rufe masa ƙofa. Layin ƙarshe da ya samu ya rubuta a kundin rahotonsa shi ne No space left on device. Al'adar PostgreSQL ita ce duk wani canji sai ya fara shigar da shi a wani kundi na musamman kafin ya taɓa ainihin bayanan. In ya kasa rubuta wannan kundin sai ya tsaya cak, bai yarda ya karɓi cinikin da ba zai iya adanawa ba. A ganina wannan tsayawar gata ce aka yi wa Alhaji, ko da yake a lokacin ba wanda zan gaya wa haka ya saurare ni.

Da na ce faifai ne ya cika, Alhaji ya leƙo allon, idonsa ya faɗa kan 98.

"Malam, tera ɗaya na biya. Takardar tana nan a aljihun tebur. Yaya za a yi yau a ce mini casa'in da takwas?"

Har ya zaro waya zai nemi mutumin Yola. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar kafin a kira kowa."

Umarnin `lsblk` ya nuna faifan da yadda aka yanka shi. Girmansa 931.5G, kuma wannan daidai ne: masu ƙera faifai suna ƙirga tera da dubu-dubu, kwamfuta kuma tana ƙirgawa da 1024, shi ya sa tera ɗaya ke fitowa 931 da ɗoriya. An yanka shi uku. Biyu ƙanana ne na tayar da na'ura, giga ɗaya da giga biyu. Na ukun, `sda3`, ya kwashe sauran duka, kusan giga 928, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai suna `ubuntu--vg-ubuntu--lv` mai giga 100 kacal, shi ne tushen tsarin da `df` ya nuna a matsayin 98G. Sai na buga `vgs`, umarnin da ke nuna yadda aka raba filin faifan. A ƙarƙashin VFree, wato filin da ba a ba kowa ba, aka rubuta 828 da 'yan kai.

Ba a cuci Alhaji ba. Faifansa cikakke ne, kashi tara cikin goma na zaune ba a taɓa shi ba tun ranar da aka girka. Haka manhajar girka Ubuntu Server take yi in an bar ta a kan zaɓinta na asali: a babban faifai giga 100 take ba tushen tsarin, sauran ta bar wa mai na'ura ya raba yadda ya ga dama. Mutumin Yola bai ɓoye komai ba, abin da bai yi ba shi ne ya dawo ya raba, ko ya faɗa wa wani cewa akwai abin rabawa. Alhaji ya mayar da waya aljihu, ya ce astagfirullah, ya koma wajen 'yan lodi.

Katanga da zana

Dole in tsaya a nan kaɗan, domin wanda bai gane wannan ba sauran bayanin zai zame masa tatsuniya.

Yankan faifai irin na da kamar gina katangar bulo ne a cikin fili. In ka ce wannan yanki giga 100 ne, daga nan zuwa nan, to ya zauna. Ranar da ya yi kaɗan, in maƙwabcinsa na manne da shi, sai dai a rushe a sake gini. Tsohon tsarin yankan faifai da ake kira MBR ma manyan yankuna huɗu kawai yake yarda da su. LVM, manhajar Linux mai raba faifai a bisa lissafi, ta zo da wata dabara. Ana ɗaukar faifai ko yankinsa a miƙa mata, shi ne PV. Ita kuma sai ta daddatsa shi ƙanana-ƙanana, kowane gutsure mega 4 in ba a canza ba, ta zuba a fili ɗaya da ake kira VG. Daga wannan filin ake keɓe ɗakuna, su ne LV, kuma kowane ɗaki ba komai ba ne illa jerin sunayen gutsattsarin da aka ba shi. Ɗaki mai giga 10 gutsure 2560 ne. In kana son ƙara masa girma sai a ƙara masa wasu a jerin, ko da a can ƙarshen faifai suke, ko ma a wani faifan dabam. Tsarin da ke sama bai san da wannan ba, shi dai yana ganin ɗaki guda shimfiɗaɗɗe.

Da na yi wa Alhaji bayani daga baya, da zana na kwatanta masa. Gida ne mai babban tsakar gida, an kewaye sashen kowa da zana. In iyali sun ƙaru a wani sashe, a tumɓuke dirkoki a matsa gaba, ba sai an kira magini ba. Nan take ya gane, har ya riga ni faɗin abin da ke biye: matsar da zana gaba cikin filin da ba kowa abu ne mai sauƙi, amma jawo ta baya bayan mutum ya baza kayansa rigima ce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Heinz Mauelshagen ne ya rubuta LVM ta Linux a 1998, ya ɗauko fasalinta daga ta HP-UX, tsarin manyan injinan kamfanin HP. Shi ya sa wanda ya taɓa aiki da waɗancan injinan zai tarar da sunayen umarni iri ɗaya: `pvcreate`, `vgcreate`, `lvcreate`, `lvextend`.

Gyaran gaggawa layi ɗaya ne:

`lvextend -r -L +10G /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv`

Alamar tarawa kafin 10G tana nufin a ƙara goma a kan abin da ke akwai. In babu ita, ma'anar ta koma girman ya zama goma ɗungurungum. Shi kuma `-r` yana sa a faɗaɗa tsarin fayilolin tare da ɗakin, domin in an matsar da zana ba a gaya wa ext4 ba, `df` zai ci gaba da nuna tsohon girma. Ext4 tana karɓar ƙari tana cikin aiki, ba sai an kashe komai ba. Cikin daƙiƙoƙi aka gama. Na tayar da PostgreSQL da `systemctl restart postgresql`, ya bi kundinsa ya daidaita kansa, rasiti ya fara fita. Tun daga isowata ba a yi rabin awa ba.

Gardamar da ta biyo baya ta fi gyaran daɗewa. Ɗan ƙanen Alhaji ya riga ya binciko a wayarsa, ya ga abin da kusan kowa ke ba da shawara a intanet: a sa `-l +100%FREE`, a zuba filin duka a tushen tsarin a huta.

"Malam, tunda namu ne, me ya sa za mu riƙa ɗiba da cokali?"

Tambaya ce mai ma'ana, kuma a kwamfutar mutum ɗaya ni ma haka zan yi. Maimakon in ba shi amsa, na ce mu duba abin da ya ci giga 93 ɗin. Da `du -xh --max-depth=2 /`, umarnin da ke nuna wurin da kowace jaka ta ci, muka bi manyan jakunkuna. Tsarin kansa da manhajoji da rahotanni giga 12. Rumbun bayanan, wanda shi ne dukiyar shagon, cinikin shekara biyu da bashin da ake bin mutane da lissafin kowane buhu, giga 6 ne kawai. Kwafin ajiya da ake yi kowane dare giga 46, sama da fayil 700, domin mutumin Yola ya sa a riƙa kwafa amma bai sa a riƙa share tsofaffi ba. Sauran giga 29 bidiyon kyamarar ƙofar sito ne. Wata uku kafin nan an nemi wasu katan-katan na man girki an rasa, sai saurayin ya sa na'urar kyamara ta riƙa turo abin da ta ɗauka da dare zuwa uwar garke, don ko ɓarawo ya ɗauke na'urar a samu shaida. Tunani ne mai kyau. Sai dai shi ne ya ƙarasa cika wurin.

Ga abin da ya fito fili: giga 6 masu daraja an kwantar da su ɗaki ɗaya da abubuwa biyu da ba su san ƙoshi ba. In an zuba musu giga 928 za su cinye, illa dai a jinkirta ranar, kuma ranar da ta zo babu sauran filin da za a matsar da zana. Ragewa kuma ba kamar ƙarawa ba ce. Ext4 ba ta raguwa sai an sauke ta daga aiki, tushen tsarin kuwa ba ya saukuwa sai an tayar da na'urar daga wani filashi. Tsarin XFS ma, wanda Linux na kamfanin Red Hat da danginsa ke zuwa da shi, a aikace ba ya raguwa sam. Wanda ya rage ɗaki da `lvreduce` bai fara rage tsarin fayilolin ba ya yanke bayanansa da hannunsa.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce kowa a ba shi ɗakinsa, daidai da bukatarsa da ɗan rara, sauran filin a bar shi haka nan.

Daren Alhamis

Na so a bari sai bayan salla, tunda giga goman da na ƙara za su kai mu. Alhaji ya ce a'a, cinikin azumi ba zai shiga da wannan zullumi ba. Muka sa daren Alhamis bayan isha'i, lokacin da reshen Marwa ma ya rufe.

Kafin in taɓa komai na sa aka sayo faifan waje mai shiga ta USB. Kwafin ajiya 700 da ke kan faifai ɗaya da ainihin bayanan suna maganin kuskuren akawu, amma ranar da faifan ya mutu tare za su tafi. Na yi sabon kwafi da `pg_dump`, na ɗora a faifan waje, na kuma dawo da shi a kwamfutata na buɗe na ga cinikin ranar yana ciki. Sai da na ga haka na ci gaba.

`lvcreate -L 40G -n bayanai ubuntu-vg`
`lvcreate -L 120G -n ajiya ubuntu-vg`
`lvcreate -L 200G -n kyamara ubuntu-vg`

Sunayen Hausa na sa musu da gangan, don duk wanda ya buga `lvs` a shagon ya san na mene ne. Kowanne na shimfiɗa masa ext4 da `mkfs.ext4`. A na kyamara da na ajiya na ƙara `-m 0`, wato kada a keɓe wa root komai, domin kashi 5 na giga 200 giga goma ne za su zauna a banza a wurin da ba tsarin na'ura ke ciki ba.

Ƙaurar da rumbun bayanai ita ce mai bukatar natsuwa. Na tsayar da PostgreSQL, domin kwafar fayilolinsa yana cikin aiki ɓata lokaci ne, abin da za a samu ba zai tashi ba. Na ɗaura sabon ɗakin na wucin gadi a `/mnt/sabo`, wato na haɗa shi da wannan jaka yadda duk abin da aka zuba a cikinta a ɗakin zai sauka, sannan:

`rsync -aHAX /var/lib/postgresql/ /mnt/sabo/`

Karkatacciyar sandar da ke ƙarshen sunan farko tana nufin a kwashe abin da ke cikin jakar, ba jakar kanta ba. Haruffan da ke gaba kuma suna kiyaye mallaka da izini, domin PostgreSQL ba ya tashi in ya ga jakar bayanansa a buɗe ga kowa ko a hannun wani. Tsohuwar jakar ban share ta ba, na canza mata suna zuwa `postgresql.tsoho`, na ƙirƙiri sabuwa fanko, na ɗaura ɗakin a kanta. Akwai dalilin canza sunan. In ka ɗaura sabon ɗaki a kan jakar da ke da kaya, kayan ba su tafi ko'ina ba, suna nan a ƙarƙashi suna cin wuri, ba ka ganinsu. Sai ka ga `df` na cewa wuri a cike, `du` na cewa babu komai, ka yini kana nema.

Haka na yi wa kwafin ajiya, na bar na kwana talatin na baya da guda ɗaya na kowane wata, na ƙara layin da zai riƙa share tsofaffi. Daga nan sai fayil ɗin `/etc/fstab`, wanda ke gaya wa na'ura abin da za ta ɗaura a ina duk lokacin da ta tashi. Layuka biyu na farko na kwafo sunayensu daga abin da `df` ya nuna, na gwada da `mount -a`, lafiya lau. PostgreSQL ya tashi a sabon ɗakinsa, muka fitar da rasitin gwaji.

Na kyamara na bari ƙarshe. Sha biyun dare ta wuce, zafin Garwa na ƙarshen rani bai sauka ba, mai gadi yana ta kaiwa da komowa da makulli a hannu. Na ɗaura ɗakin da hannu, na kwashe bidiyon, na rubuta layinsa a fstab daga ka. Ban sake buga `mount -a` ba, ban kuma kashe na'urar na kunna in ga ta tashi da kanta ba. Na ce ai abu ɗaya ne da na sama.

Safiyar Lahadi

Wutar wannan yanki daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Daren Asabar aka ɗauke. Batirin ondila bai fi minti goma sha biyar ba, janareta kuma ba a tayar da shi da dare. Uwar garke ta mutu, da wuta ta dawo ta kunna kanta kamar yadda aka saita ta, amma ba ta ƙarasa tashi ba.

Ina Gider wajen wani aiki lokacin da saurayin ya kira ni da sassafe. SSH ba ya shiga, manhaja ba ta buɗewa. Na ce ya ciro allo da madannai daga teburin akawu ya jona. Ya karanto mini abin da ya gani, emergency mode, wato yanayin gaggawa, da wani layi da ke ambaton kyamara. Gabana ya faɗi, domin tun kafin ya gama na san abin da na yi.

Ga layin da na rubuta:

`/dev/mapper/ubuntu-vg-kyamara /srv/kyamara ext4 defaults 0 2`

Ga yadda ya kamata ya kasance:

`/dev/mapper/ubuntu--vg-kyamara /srv/kyamara ext4 defaults 0 2`

Karan ɗori ɗaya. A cikin `/dev/mapper` ana haɗa sunan fili da sunan ɗaki da karan ɗori, saboda haka in sunan filin kansa yana da karan ɗori sai a ninka shi biyu don a bambance. Na san wannan sarai, gajiya ce ta sa hannuna ya rubuta yadda baki ke faɗa. Da na'urar ta tashi ta nemi abin da babu shi, ta jira minti ɗaya da rabi kamar yadda systemd, manhajar da ke tayar da sassan na'urar, ke yi, ta ga wani abin da aka ce dole ne bai samu ba, sai ta ƙi ci gaba. A wannan hali ba ta kai ga tayar da SSH ba, babu shiga daga nesa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ɗakin da ya fi kowanne rashin muhimmanci shi ya hana shago buɗewa, abin da na zauna har tsakar dare don in hana.

Gyaran ba wuya, a buɗe fayil a ƙara alama ɗaya. Na ce ya danna Enter, ya samu baƙin allo, ya rubuta `nano /etc/fstab` don buɗe fayil ɗin a gyara. Ya ce an ƙi. Na ce karanto mini abin da ka rubuta. Ya ce shi dai ya danna daidai, amma abin da ya fito ya fara da n, q, n, o.

Sai a lokacin na tuna wanda ya girka na'urar daga Najeriya ya zo. Ya bar ta a kan tsarin madannan Turanci, QWERTY, mu kuma a Kamaru madannan Faransanci ne a kasuwa, AZERTY. Shekara biyu ba wanda ya lura, domin kowa ta SSH yake shiga da madannan kwamfutarsa. Haka muka bi harafi-harafi ta waya, ni ina tsaye a gindin wata bishiyar dalbejiya ina zana madannai a ƙasa da tsinke. In kana son a, danna inda aka rubuta Q. Karkatacciyar sanda tana inda alamar motsin rai take, kusa da Shift na dama. Karan ɗori ba ya kan 6 inda ka saba, yana kan maɓallin da ke bin sifili. Ina jin muryar Alhaji a bayansa yana cewa, "Me ya ce?" shi kuma yana cewa, "Baffa, a ɗan yi haƙuri, saura kaɗan." Ya ƙara alamar, ya adana da Ctrl da O, ya fita da Ctrl da X, ya buga `mount -a` bai ga ƙorafi ba, ya sake kunna na'urar. Wajen ƙarfe takwas da rabi rasiti ya fita.

Da na dawo Garwa na je na gaya wa Alhaji cewa wannan kuskurena ne, ba na wuta ba, ba na yaron ba. Ya ce, "Malam, wanda ba ya aiki shi ne ba ya kuskure," amma ya ƙara da cewa in rubuta duk abin da na yi a takarda in ba yaron. Ya yi gaskiya, kuma asalin wannan rubutu ke nan.

Abubuwan da na gyara a ranar: na mayar da layukan uku zuwa siffar `/dev/ubuntu-vg/kyamara`, wadda ba ta da ninkin karan ɗori. Na daidaita madannai da `dpkg-reconfigure keyboard-configuration`. A layin kyamara da na ajiya na ƙara `nofail`, wato ko ba su samu ba na'ura ta tashi. A layin bayanai ban sa ba, domin in rumbun bayanai bai ɗauru ba gara komai ya tsaya a sani. Shi ma `nofail` yana da tarkonsa: in ɗakin bai ɗauru ba, jakar tana nan fanko a kan tushen tsarin, kyamara za ta ci gaba da zuba bidiyo a ciki, a koma gidan jiya. Saboda haka na sauke ɗakunan biyu na ɗan lokaci, na kulle jakunkunan fanko da `chattr +i` yadda ba mai iya rubutu a cikinsu sai in ɗaki na ɗaure a kai. Sannan na duba fayil ɗin da `findmnt --verify`, na kashe na'urar na kunna sau biyu ina tsaye a gabanta. Bayan mako guda na share `postgresql.tsoho`.

A cikin azumi, ganin yawan jama'a, saurayin ya haɗa kyamarori huɗu duka suna turowa dare da rana, bai gaya mini ba. Ana sha bakwai ga wata ɗakin kyamara ya cika maƙil. Bidiyo ya daina shiga, ciniki bai ko girgiza ba, akawu ba su san an yi ba. Shi da kansa ya gano da `df -h`, ya kira ni bayan shan ruwa. Na ce ya buga `vgs` ya gaya mini abin da ya gani, ya ce 458. Na bar shi ya rubuta umarnin da hannunsa, `lvextend -r -L +40G`, ina sauraro yana karanto kowane harafi kafin ya danna. Muka kuma sa a riƙa share bidiyon da ya wuce kwana goma sha huɗu, domin ba don wannan ba arba'in ɗin ma kwana huɗu za su yi.

Bayan salla masu manhajar lissafin suka turo sabuntawa. Kafin a ɗora, na tsayar da PostgreSQL na ɗan lokaci na ɗauki hoton ɗakin bayanai da `lvcreate -s -L 10G -n hoto /dev/ubuntu-vg/bayanai`. Irin wannan hoton ba kwafi ba ne, yana adana tsohuwar siffar duk abin da aka canza ne tun daga lokacin ɗauka, yadda in sabuntawa ta lalata abu za a koma baya da `lvconvert --merge`. In ya cika ya tashi daga aiki, kuma muddin yana nan yana rage saurin rubutu, don haka bayan kwana biyu da muka ga komai daidai na cire shi da `lvremove`. Giga goman da ya ara daga filin da ba a raba ba suka fito, can kuma suka koma. Da mun zuba filin duka a tushen tsarin ranar Talatar nan, da babu inda za a aro su.

Yanzu `vgs` yana nuna giga 418 a ajiye. Abin da ya rage shi ne ɗakunan nan huɗu duk a kan faifai ɗaya suke, wanda ya shekara kusan uku yana juyi cikin ƙura da zafin da ke haura digiri 40. Na nemi a sayi na biyu mai girman tera ɗaya, a shigar da shi filin da `pvcreate` da `vgextend`, a mayar da ɗakin bayanai mai tagwaye da `lvconvert --type raid1 -m 1`, yadda kowane rubutu zai sauka a faifai biyu. Na kuma nemi a canza batirin ondila. Batirin an canza. Faifan, Alhaji ya ce a bari kuɗin auduga su shigo hannun manoma, ciniki ya motsa. Kafin nan saurayin yana jona faifan waje kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kwafi na makon, ya tafi da shi gida a aljihun babur.